Ƙotar da Aka Sassaƙa Mini a Takanamat

Shekarata arba'in da bakwai lokacin da na fara harbi. Kafin nan ban taɓa riƙe bindiga ba, ko irin wadda ake bin kurciya da ita a gona. Aikina allurar dabbobi ne. Na yi shekara ashirin da ɗoriya ina bin rijiyoyi da mashayan arewacin Adar, daga Bambeye zuwa Takanamat har gaba, ina tsira wa shanu da raƙuma allura, su kuma suna ramawa da shuri. Da aka ga na manyanta sai aka maido ni Tawa, aka ba ni biro, wato ofis, da kujera da tarin takardu. Ban cika shekara da zama ba likitan asibiti ya ce jinina ya hau. Ya ce in rage gishiri, in kuma nemi abin yi da marece wanda ba zaman shan shayi ba.

Maƙwabcina na bayan gida tsohon soja ne. Ya aje aiki da muƙamin ajidan, kuma da wannan sunan kowa ke kiransa, har matarsa. Gajere ne, siriri, ba ya son doguwar gaisuwa. Lokacin da yake cikin kaki ya sha zuwa gasar harbi ta sojoji. Da ya dawo gida, shi da wasu mutum shida suka kafa ƴar ƙungiya, suka samu takardar izini daga hukuma, wani ɗan kasuwa daga cikinsu ya ba su aron tsohuwar mangazar da yake aje albasa, can bakin gari. Wata Asabar muna fitowa daga sallar la'asar ya ce mini, "Likita, an ce jininka ya hau. Taho ka ga abin da muke yi." Haka mutane ke kirana, Likita, ko da yake marasa lafiyata duk masu ƙafa huɗu ne.

Mangazar doguwa ce, rufin kwano, warin albasa bai gama barin bangonta ba. A ƙarshenta an jera buhunan rairayi, an kafa akwatunan ƙarfe huɗu, kowane da takarda mai baƙar da'ira a tsakiya. Daga inda ake tsayawa zuwa takardar mita goma ne cif. Ajidan ya auna da kansa, ya ja layi da farin fenti. Bindigogin na iska ne, babu albarushi, babu hayaƙi, ƙararsu ba ta wuce ta karya kara ba. Harsashin ƴar dalma ce kamar ƙwayar dawa. Abin da ake nema a tsakiyar baƙin nan ɗigo ne da bai fi na bakin bik ɗin rubutu ba. Mutum zai tsaya ƙafafu a ware, ya kafa gwiwar hannu bisa ƙashin ƙugu ta ɗauki nauyin bindiga, ya kwantar da kunci bisa ice, ya leƙa ta wata ƴar huda, ya jira numfashinsa ya kwanta, sa'an nan ya taɓa kunama. Sai ya sake, har sau sittin.

Ba zan ce abin ya burge ni ranar ba. Na dai lura awa biyu muka yi a ciki ban tuna da biro ko sau ɗaya ba. Asabar ta gaba na koma.

Ƙungiyar na da bindiga biyu da kowa ke ara, da su na koya har wata biyar. Wahalarsu ita ce duk wanda ya ɗauka sai ya murɗa hudar leƙawa ta dace da idonsa, wanda ya biyo baya ya sake murɗawa. Rabin lokacina wajen neman inda harsashi ke faɗawa yake ƙarewa. Ajidan ya ce in da gaske nake, in nemi tawa.

Akwai wani Alhaji a babban birni mai izinin shigo da kayan farauta da na wasa, Ajidan ya san shi tun da. Ɗaurin auren dangi ya kawo shi Tawa, sai ya taho da bindiga uku a bayan mota, kowace cikin akwatinta da takardunta. Muka haɗu a mangaza da hantsi, aka shimfiɗa tabarma aka jera su.

Ta farko sabuwa ce fil, marar nauyi, irin wadda ake karya bakinta a ɗana. Ajidan ko ɗagawa bai yi ba. Ya ce tana zabura a kafaɗa in an harba, ta tsuntsu ce.

Ta biyu ta zamani ce, jikinta farin ƙarfe da jan fenti, da tulun iska a ƙarƙashin baki. Kowane sashe nata ana iya matsar da shi da ɗan makulli: gindi, wurin aza kunci, mariƙi. Raina ya biya ƙwarai. Na aza ta a kafaɗa na ji ba na son saukewa. Ajidan ya tambayi Alhaji da me ake cika tulun.

"Akwai famfonta na musamman," in ji Alhaji.

"In famfon ya lalace hwa?"

"Sai a aiko mini shi."

"In robar ciki ta tsage da zahin Tawa?"

"Sai a aika waje a kawo wata."

Ajidan ya dube ni. Ni da na sha ganin firijin maganin rigakafi ya mutu a ƙauye wata da watanni saboda ƴar roba guda da aka rasa, ban bukaci ƙarin bayani ba. Na mayar da ita akwati.

Ta ukun tsohuwa ce, wata ƙungiya a Turai ta more ta shekaru kafin ta sayar. Hannu ne da ita a gefe, in an ja shi an mayar sai ya matse iskar harbi guda. Ba ta neman komai daga waje sai ɗigon mai. Icenta mai duhu ne, mai nauyi, hannuwan mutanen da ban sani ba sun goge shi har yana sheƙi. An sassaƙa mata tudun aza kunci a gefen hagu, da gurbin tafin hannun dama da na babban yatsa. Ajidan ya ɗora ta bisa buhun rairayi a kan tebur ya harba biyar. Da aka ciro takardar, huda ɗaya ce, ta ɗan yi faɗi kaɗan.

"Ƙarhen lahiya lau shike," ya ce. "Abin da ya saura naka na."

Na saye ta. Takardun hukuma suka ci wata biyu, ina kai hoto ina komowa neman tambari. Ranar da na shigo da akwatin gida matata ta tambaya ko ana cin abin da aka harbo da ita. Na ce takarda ake harbi. Ta ce to, Allah ya sa albarka, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Na ɗauka da tawa a hannu harbina zai gyaru. Bai gyaru ba. Harsasaina su taru yau, gobe su watse. Bayan harbi talatin kuma sai kaina ya ɗau ciwo daga bayan idon dama, baƙar da'irar ta rabu biyu ko ta yi gashi-gashi a gefe. Na zaci jinin ne, ban gaya wa kowa ba.

Wata Lahadi Ajidan ya bar nasa layin ya zo ya tsaya a gefena. Fuskata yake kallo, ba takarda ba.

"Mi ya sa kaka tura kanka ƙetaren ice haka?"

"Ban san ina yi ba."

"Aje ta. Taho waje."

A waje ya nuna mini shaton ruwa, babban tankin nan na gari da ke can nesa bisa tudu. Ya ce in miƙe hannuwana biyu, in haɗa su in bar ƴar kafa tsakani, in sa shaton cikin kafar ido biyu buɗe. Na yi.

"Ruhe na hagu."

Na rufe, shaton ya ɓace, bayan hannuna kawai nake gani.

"Buɗe. Ruhe na dama."

Shaton na nan daram cikin kafar.

Na sauke hannuwana. Can ya ce, "Da idon hagu kaka gani. Wanga gwaji shi aka fara yi ma kurtu ranar da ya shigo bariki. Ni ban yi maka ba, na bari ka sayi bindigar dama. Laihina na."

Ban taɓa jin ya faɗi irin wannan ba, kafin ranar ko bayanta.

Likitan ido ya tabbatar da maganar. Ya ce akwai tsohon tabo a baƙin idona na dama. Sai na tuna wata saniya a bakin rijiya, shekara goma sha da suka wuce, da ta make ni da wutsiya cike da ƙarangiya. Na yi mako ido a kumbure, ina wankewa da ruwan ɗumi ina ci gaba da aiki. Likitan ya ce gilashi zai taimake ni wajen karatu, amma tabon ba inda za shi.

Ke nan sai in koma harbi da kafaɗar hagu, ga shi bindigar don na-dama aka sassaƙa ta. In na aza ta a hagu, kuncina na faɗawa gefen da babu tudu, idona ya sauka ƙasa da huda, babban yatsana ya rasa gurbi ya hau kan gefen ice. Wani a ƙungiya ya ce in sayar. Wani ya ce in kira Alhaji in karɓi mai jan fentin, tunda ita ana juya ta kowane gefe. Ajidan bai ba da shawara ba, ina jin yana ganin wadda ya bayar ta isa. Ni kuwa na riga na ga hudar nan guda ta harbi biyar, ban so rabuwa da ƙarfen ba. Na kai icen wurin kafinta biyu a gari. Na farko ya ce ba ya taɓa kayan bindiga. Na biyu ya jawo injin goge katako ya jona wuta, na karɓe kayana tun bai fara ba.

A Takanamat na san wani dattijo maƙeri, mai jin Tamashek, da ke sassaƙa sirdin raƙumi da ƙotar gatari da cokulan ice. A shekarun yawona a inuwar rumfarsa nake aje akwatin magani ranar kasuwa. Na sha ganin yadda yake aiki. Ba ya fara sirdi sai an kawo raƙumin ya shafa tozonsa da hannu.

A ƴan shekarun nan ba a tafiya arewa da bindiga, ko ta iska ce, ko da takarda. Ajidan ya kwance bis biyu, ƙusoshin murɗawa da ke riƙe ƙarfe da ice, ya kulle ƙarfen a ɗakinsa. Ya yanko ɗan katako ya huda shi daidai tsayin da hudar leƙawa take, yadda za a iya ɗaura shi a gurbin ƙarfen. Na naɗe ice da katakon cikin buhu, na ɗauki hutun kwana huɗu, na shiga motar ƴan kasuwa.

A shingen jandarmomi aka sauke mu aka buɗe kaya. Wani matashin jandarma ya zaro icen daga buhu.

"Wannan fa, Baba?"

"Ice ne."

"Na ga ice ne. Ina sauran?"

Na miƙa masa takardu na yi bayani. Ya karanta, ya kai wa babbansu da ke zaune ƙarƙashin icen bedi, shi ma ya karanta har baya. Fasinjoji na tsaye cikin rana, wata mata mai kwandon kaji tana faɗin abin da ke ranta. Daga ƙarshe babban ya aza icen a kafaɗa, ya auna wata akuya da ke kiwo a gefen hanya, ya ce yana da nauyi, ya mayar mini. Har muka isa Takanamat babu wanda ya yi mini magana a motar.

Maƙerin ya tsufa fiye da yadda na bar shi, amma hannunsa na nan. Mai allura yake ce mini. Bayan gaisuwa da shayi ya karɓi icen, ya juya shi, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa da farce.

"Wanga ice ba na ƙasarmu ba ne," ya ce. "Inda ya tsiro ruwa bai yi mishi wuya ba."

Bai tambaye ni abin da nake harbi ba. Ƙota yake kiran abin, kamar ta gatari ko ta hauya, ni ma tun daga ranar haka nake kiranta. Ya ɗaura katakon Ajidan a wurinsa, ya ɗauko wata sandar ƙarfe daga maƙera ya ɗaure ta a sama don nauyi. Ya ce in tsaya yadda nake tsayawa, in rufe ido, in aza, in kwantar da kunci inda ya ga dama ya kwanta, sa'an nan in buɗe. Na buɗe, katako nake gani, hudar na can sama. Ya kwaɓa yumɓu ya manna a gefen dama na ƙotar. Na sake azawa. Ya ƙara, ya rage, ya tura gaba da babban yatsa. Mun fi sau talatin muna haka kafin in buɗe ido in ga haske ta hudar ba tare da na motsa wuya ba. Ya sa na maimaita sau biyar. Sai ya aje ƙotar a inuwa yumɓun ya bushe, ya ce in dawo da safe.

Washegari na tarar ya fito da guntun icen aduwa da ya ce ya shekara uku a rataye cikin rumfa. Da gizago da wuƙa ya fitar da siffar yumɓun a jikinsa, yana gwadawa da ido da tsinke. Kafin azahar ya gama. Sai ya ɗauki ƙotar ya kafa ta tsakanin ƙafafunsa, ya ɗora bakin gizago bisa tsohon tudun kuncin na hagu, wanda yanzu ba shi da aiki sai tokare mini ƙirji. Ya ɗago ya dube ni.

"Mai allura, in na cire ba ya komawa."

Na ce ya cire. Sara huɗu ya yi. Icen da ke ƙarƙashin sheƙin nan fari-fari ne, kamar ba shi ne ya yi shekaru a hannun mutane ba. Ban ji daɗin ganinsa a ƙasa cikin sassaƙe ba.

Ya kafa aduwar a gefen dama da turakun ice uku da danƙo. Gurbin hannun dama ya cike shi da wani guntun, ya fara haƙa sabo na hagu. A nan ne ya kawo baƙin tukunya. Ya shafa mini a kunci da tafin hannu da cikin yatsu, ya ce in aza. Duk inda icen ya yi baƙi sosai, nan ne ke tokarewa, sai ya kankare da wuƙa ya bi da magagari. A sake shafawa, a sake azawa. Ranar kasuwa ce kuwa. Makiyayan da suka san ni shekara da shekaru suna wucewa suna ganin Likita tsaye da baƙin kunci, rungume da guntun ice, yana auna bangon rumfa. Wasu sun tsaya sun gaishe ni kamar ba su ga komai ba. Wani tsoho ya tambayi maƙerin da Tamashek, a hankali, ko lafiyata ƙalau. Ina jin harshen daidai gwargwado, amma na yi kamar ban ji ba.

A rana ta uku ya rage tsawon gindin da faɗin yatsa ɗaya da rabi, don ya ce ina miƙa wuya kamar raƙumi a bakin rijiya. Matarsa, wadda ke aikin fata, ta lulluɓe tudun kuncin da jemammiyar fatar akuya, siririya, don kada gumi ya sa shi santsi. Ya so ya ƙona mata zane da wuta irin na sirdi, na ce a bari. Ya shafe ta da mai ya miƙo mini. Ba ta yi kyau ba. Rabi duhu, rabi rawaya-rawaya, kamar rigar da aka yi wa maho da wani yadi. Amma in na rufe ido na aza ta, komai na faɗawa wurinsa.

A Tawa Ajidan ya mayar da ƙarfen ya ɗaure bis. Ya aza a tasa kafaɗar, ya ce aduwa ta ja nauyi baya, bakin zai riƙa yawo sama. Muka kwashe tsofaffin harsasai daga akwatunan mangaza, ya narka su cikin gwangwani, ya zuba ƴar sandar dalma, muka ɓoye ta cikin icen gaba ƙarƙashin baki. Ta zauna daidai. Babu wanda ya yi tunanin aza ta a sikeli.

Koyon harbi da hagu ya fi sassaƙar wuya. Yatsana na hagu bai san kunama ba, ko ya fizga ko ya ƙi taɓawa. Wata uku ina bayan kowa, har waɗanda suka shigo bayana. Da damina ta sauka ice ya sha danshi ya kumbura, harsashi ya koma faɗawa gefe, sai na koyi duba bis da turnabis, abin murɗa su, kafin kowane harbi. Ciwon kan dai ya tafi tun makon farko. Wajen ƙarshen damina harsasaina suka fara taruwa wuri guda suna zama.

Bayan kaka aka shirya gasa a Tawa. Ƙungiyoyi daga garuruwa uku suka zo, da wasu sojoji, a wani babban zaure kusa da filin wasa. Alƙalan gasar sun taho da abin da mu ba mu da shi a mangaza, wato sikeli. A ƙa'ida bindiga ba ta wuce kilo biyar da rabi. Aka aza tawa. Alƙalin, wani mai ladabi da bai kai shekarun ƙanena ba, ya sauke ta ya sake azawa.

"Baba, ta wuce."

"Da yawa?"

"Kamar nauyin albasa guda. Amma ta wuce."

Saura rabin awa a kira layinmu. Ɗan kasuwan da ya ba mu mangaza ya ce in ɗauki tasa, sai dai tasa ta dama ce. Wani ya kawo shawarar a kankare aduwar da wuƙa nan take, na ce a'a. Ajidan ya ciro turnabis daga aljihu ya miƙo mini.

"Hidda dalmar."

Na zauna bisa benci na kwance bis, na zare sandar dalmar na sa a aljihu, na ɗaure. Aka sake aunawa, ta shiga.

A harbin gwaji na ga abin da zai faru. Bakin bindigar ya zama kamar ba nawa ba, yana zagaya baƙar da'irar ba ya son tsayawa, kuma daidaiton huda ya gusa saboda kwance bis da na yi. Na murɗa iya abin da lokaci ya bari. Harbi ashirin na farko sun watse. Na ga ina jiran bakin ya tsaya cik yadda ya saba, shi kuwa ba zai tsaya ba, har hannuna ya gaji in harba a makare. Wajen na talatin na matsar da hannun dama gaba kaɗan, na daina jira, ina taɓa kunama da zarar yawon ya ragu. Daga nan abin ya ɗan daidaita. Ashirin na ƙarshe sun fi duk abin da na taɓa yi a mangaza, amma ba su isa su rufe ɓarnar farko ba. Cikin mu goma sha huɗu na zo na tara.

Wata mace soja ce ta ci, da bindiga irin mai jan fentin nan da na mayar akwati. Bayan an gama ta zo ta ce in ba ta tawa ta gani. Ta shafa fatar akuyar, ta gwada azawa a dama ta kasa, ta yi dariya, ta tambayi wanda ya yi aikin. Na gaya mata. Ta ce kakanta ma daga wajen yake.

Da ƙafa muka koma gida ni da Ajidan, yana riƙe da akwatin harsasai. Ya yi maganar tsayuwata, ya ce ƙafata ta baya tana buɗewa in na gaji. Mai nama na nan da sikelinsa a bakin layinmu, kullum muna wuce shi. Ranar ma mun wuce shi mun gaisa, babu wanda ya ta da zancen rashin auna bindigar a cikinmu.

Da sanyi ya shigo na sake kai ƙotar Takanamat. Maƙerin ya saurari labarin, ya ce da na faɗa masa akwai iyakar nauyi da tun farko ya rarake ta. Ya ɗaga fatar, ya huda aduwar ta ƙasa da jan ƙarfe, ya ƙwaƙule cikinta har ta zama kamar ƙwarya, ya toshe bakin ramin. Yini ɗaya ya ishe shi. A Tawa muka raba dalmar biyu muka mayar da rabi, muka aza bindigar a sikeli har sau uku a wurare daban-daban. Shekarar da ta biyo baya ita ce na fi iya harbi a rayuwata. Asabar da Lahadi ba na fashi. Ba a sake shirya wata gasa ba.

Da al'amuran tsaro suka ƙara tsanani, hukuma ta ce ƙungiyoyi irin tamu su kai bindigoginsu ajiya har abin ya lafa. Ba mu yi gardama ba, mun san abin da ake ciki. Muka kai, aka ba kowa ƴar takarda. Mangaza ta koma ɗaukar albasa. Ajidan ƙafafu suka matsa masa, babban ɗansa ya zo ya tafi da shi garin da yake aiki. Muna gaisawa ta waya ranar Juma'a, gajeriyar gaisuwa.

An yarda mini in riƙa zuwa duk bayan wata biyu ko uku in shafa mata mai. Nakan je da tsumma da ƴar kwalba. Mai tsaron ɗakin ajiyar ba ya duba lamba, ya ce ita kaɗai ce mai launi biyu. Ina zama bisa benci a gabansa in goge ƙarfen, in ɗiga mai a gaɓar hannun, in duba bis, in mayar. Zuwan da na yi na ƙarshe na ga ƴar tsaga siririya a inda aduwa ta haɗu da tsohon icen, ɗakin ya cika bushewa. Maƙerin ya rasu bara, ɗansa kuma gyaran moto, wato babur, yake yi. Na koma kasuwa na samo kakin zuma, na cike tsagar da shi, na murza da yatsa har ya shige. Mai tsaron ya karɓa ya kai ciki, ya ce in dawo bayan salla.